Makarantar kiɗa ta Peabody a Jami'ar Johns Hopkins: tambayoyi da amsoshi kan tarihinta da sunan da ta yi

Duk wanda ya fara bincike kan inda ake horar da makaɗa a Amurka, sunaye ƙalilan zai riƙa cin karo da su: Juilliard, Curtis, Eastman, Oberlin da Peabody. Wannan shafi na Peabody ne. Tarihinta ya cancanci a zauna a kansa, domin a cikinsa ana ganin yadda makarantar kiɗa ke samun suna, da irin wahalar da ake sha kafin a riƙe sunan.

Mece ce Peabody, kuma a ina take?

Makaranta ce ta horar da makaɗa, mawaƙa, masu tsara kiɗa da masu rawa. Tana birnin Baltimore na jihar Maryland a gabashin Amurka, a tsohuwar unguwar Mount Vernon, daf da doguwar hasumiyar tunawa da George Washington. A yau sashe ce na Jami'ar Johns Hopkins, jami'ar da duniya ta fi sani da likitanci.

Gida biyu ne a inuwa ɗaya. Akwai babbar makaranta mai ba da digiri na farko, na biyu da na uku, da kuma takardun shaidar ƙwarewa ga makaɗan da suka riga suka yi nisa. Ɗalibanta ba su kai dubu ba. Akwai kuma sashen share fage, inda yara da manyan gari ke zuwa koyon kiɗa da rawa ba don neman digiri ba.

Wane ne George Peabody? Makaɗi ne?

Ba makaɗi ba ne, ɗan kasuwa ne. An haife shi a 1795 a jihar Massachusetts, a gidan da ba su da hali. Yana da shekara 11 ya bar makaranta ya zama yaron kanti. Da ya girma ya shiga kasuwancin yadi da kayan masarufi, kuma a Baltimore ne arzikinsa ya fara haɓaka. A 1837 ya koma Landan da zama, ya buɗe gidan hada-hadar kuɗi. Abokin hulɗar da ya ɗauka a 1854, Junius Morgan, shi ne mahaifin J. P. Morgan wanda sunansa ke kan ɗaya daga cikin manyan bankunan duniya a yau.

Peabody bai yi aure ba, kuma rashin samun karatu a ƙuruciya bai taɓa barin ransa ba. Da kuɗi suka taru sai ya shiga rabon su tun yana raye: gidajen talakawa a Landan daga 1862, gidajen tarihi a jami'o'in Harvard da Yale, asusun ilimi ga jihohin kudancin Amurka bayan yaƙin basasa. Ya rasu a Landan a 1869. An ajiye gawarsa na ɗan lokaci a majami'ar Westminster, sannan jirgin ruwan yaƙin Birtaniya ya kai ta gida Amurka. Ba kowane baƙo ake yi wa wannan karamci ba.

Abin da ya bai wa Baltimore ya fara da dala 300,000, daga baya ya ƙara har jimilla ta kai kusan dala miliyan 1.4. Kuma ba makarantar kiɗa kaɗai ya nufa ba. A wasiƙar da ya rubuta wa amintattun da ya naɗa, ya zayyana ɗakin karatu na bincike, jerin laccoci ga jama'a, makarantar kiɗa, zauren zane-zane, da kyaututtuka ga ɗaliban sakandaren birnin da suka yi fice. Kiɗan ɗaya ne cikin biyar, kuma a farkon lamari ɗakin karatun ne ɗan lele.

An ce ita ce mafi tsufa a Amurka. Haka ne?

Ya danganta da inda ka fara ƙirga. Wasiƙar kafa cibiyar ta 1857 ce, kuma da wannan shekara makarantar ke ƙirga shekarunta. Sai dai yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsayar da komai. A lokacin Maryland jiha ce da ake bautar da bayi amma ba ta ɓalle daga tarayyar Amurka ba, don haka kan mutanen Baltimore ya rabu biyu, har a cikin manyan gari. Ba a yi bikin buɗe ginin ba sai 1866, George Peabody da kansa ya halarta. Koyar da kiɗa kuwa sai 1868.

A tsakanin nan Oberlin ta buɗe tata makarantar kiɗa a jihar Ohio a 1865, sannan a 1867 aka buɗe wasu a Boston da Cincinnati. Shi ya sa Oberlin ke cewa ita ce mafi daɗewa ana karatu a cikinta ba tare da yankewa ba. Kowacce tana da hujja. A ganina gaskiyar magana ita ce Peabody ta riga kowa niyya, wasu kuma sun riga ta zaunar da ɗalibi a gaban malami. Juilliard, wadda ta fi su duka suna yanzu, tushenta na 1905 ne. Eastman ta 1921 ce, Curtis ta 1924.

To yaya ta fara yin suna?

Ta hanyar malami ɗaya da ya zauna ya daɗe. A 1871 aka ɗauko Asger Hamerik, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi karatu a hannun Hans von Bülow a Jamus da Hector Berlioz a Faransa. Ya shugabanci makarantar har 1898, shekara 27 ke nan. A zamanin nan Amurkawa masu son kiɗa sun ɗauka sai ka tsallaka teku zuwa Leipzig ko Paris kafin a ce ka koyi wani abu. Hamerik ya kawo tsarin Turai mai tsauri, ya dage kan cewa ɗalibi ya san ƙa'idojin haɗa sauti da rubutun kiɗa, kada ya tsaya ga iya motsa yatsu. Ya jagoranci tawagar makaɗa mai yin wasanni a kai a kai, kuma yana saka ayyukan Amurkawa masu tsara kiɗa a lokacin da ba a cika kula su ba.

A tawagar tasa ne marubucin waƙoƙi Sidney Lanier ya samu kujerar babban mai busa sarewa a 1873. Lanier tsohon sojan kudu ne da ya fito daga yaƙi da tarin fuka, daga baya ya koyar da adabi a Johns Hopkins kafin cutar ta kashe shi a 1881. Wato tun kafin a yi maganar haɗewa, mutum ɗaya ya riga ya ci abinci a gidajen biyu.

A 1891 Tchaikovsky, shahararren mai tsara kiɗa na Rasha, ya zo Amurka don buɗe zauren Carnegie a New York. Ya biyo ta Baltimore ya jagoranci wasa, ya kuma ziyarci Peabody. Har yau makarantar tana alfahari da wannan ziyara.

Bayan Hamerik, Harold Randolph ya riƙe ta kusan shekara 30. A zamaninsa aka kafa tawagar makaɗa ta birnin Baltimore a 1916, kuma jagoranta na farko, Gustav Strube, malamin Peabody ne. Otto Ortmann da ya gaje shi ya buɗe ɗakin gwaji inda yake auna yadda tsoka da gaɓoɓi ke aiki idan ana kaɗa piyano, binciken da malaman piyano ke komawa gare shi har yanzu. Peter Mennin ya shugabance ta daga 1958, a 1962 Juilliard ta ɗauke shi ya zama shugabanta.

Me ya sa ake yawan ambaton sashen yara?

Saboda a nan ne wasu daga cikin manyan sunayen suka fara. May Garrettson Evans, 'yar jarida a Baltimore Sun kuma tsohuwar ɗalibar makarantar, ta lura cewa ɗalibai na zuwa babbar makaranta da tushe mara ƙwari. A 1894 ta buɗe makarantar share fage, bayan 'yan shekaru aka shigar da ita cikin Peabody.

Philip Glass, wanda aka haifa a Baltimore a 1937, a nan ya koyi sarewa yana yaro. Hilary Hahn, gwanar bayolin, wato gogen Turawa, a nan ta fara tun ba ta cika shekara 4 ba, kafin ta wuce Curtis tana da shekara 10. Mawaƙiya Tori Amos ta shiga tana da shekara 5, aka yanke mata tallafin karatu tana da 11, domin ta fi son kaɗa abin da kunnenta ya ji da bin rubutu, zuciyarta kuma tana wajen kiɗan zamani. A 2019 makarantar ta gayyato ta ta yi jawabin yaye ɗalibai, ta kuma ba ta lambar yabo.

Akwai abin lura a nan. Idan ka ga jerin tsofaffin ɗaliban wata makarantar kiɗa, ka duba ko a babbar makaranta suka yi digiri ko a sashen yara suka fara. Glass a Juilliard ya yi karatun tsara kiɗa, Hahn a Curtis ta ƙware. Wannan bai rage darajar sashen share fage ba ko kaɗan, domin malamin da ya gyara wa yarinya 'yar shekara 5 riƙon kayan kiɗa ya yi aikin da babu mai iya maimaita shi daga baya. Waɗanda suka yi karatun manya a can sun haɗa da Dominick Argento, wanda ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa a 1975, da gwanin jita Manuel Barrueco, da James Morris, mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa.

Shin gaskiya ne ta daɗe ba ta karɓar baƙaƙen fata?

Gaskiya ne, kuma duk wanda zai ba da tarihin makarantar ya tsallake wannan bai yi adalci ba. Baltimore birni ne da ya haifi ko ya raini manyan makaɗa baƙaƙen fata: Eubie Blake, Chick Webb, Cab Calloway, Billie Holiday. Titin Pennsylvania na birnin ya kasance matattarar kiɗan jaz shekara da shekaru. Duk da haka ƙofar Peabody a rufe take gare su fiye da shekara 80 bayan fara koyarwa. Sai a 1949 aka karɓi Paul Brent, baƙar fata na farko da ya shiga babbar makarantar a matsayin cikakken ɗalibi, shekara 5 kafin kotun ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Labarin Anne Brown ya fi kowanne taɓa zuciya. 'Yar Baltimore ce, an haife ta a 1912, mahaifinta likita. Ta nemi shiga Peabody aka hana ta saboda launin fatarta. Juilliard ta karɓe ta tana da shekara 16. A 1935 ita ce ta fara fitowa a matsayin Bess a Porgy and Bess, shahararren wasan opera na George Gershwin, kuma saboda ƙarfin muryarta aka faɗaɗa rawar da take takawa a wasan. Wariya ta ishe ta har ta bar Amurka ta koma Norway da zama. A 1998 Peabody ta ba ta lambar yabonta mafi girma. An kyauta da aka yi hakan tana raye, amma lambar yabo ba ta mayar wa yarinya shekarun da aka hana ta, kuma ba kowace yarinya da aka kora ce ta samu hanyar zuwa New York ba.

Daga baya labari ya sauya. André Watts, wanda ya girgiza Amurka yana da shekara 16 lokacin da ya kaɗa piyano tare da Leonard Bernstein a 1963, a Peabody ya zo ya ƙarasa karatunsa. Awadagin Pratt shi ne ɗalibi na farko a tarihin makarantar da ya samu shaidar ƙwarewa a fannoni uku, piyano da bayolin da jagorancin makaɗa, kuma a 1992 ya ci gasar piyano ta Naumburg.

Me ya sa ba a maganar Peabody sai an ambaci Leon Fleisher?

Domin idan akwai mutum ɗaya da ya ɗaga sunan makarantar a rabin ƙarni na baya, to shi ne. An haife shi a San Francisco a 1928. Yana da shekara 9 Artur Schnabel ya karɓe shi almajiri. Makaɗan piyano suna ji da salsalar malamai: Schnabel ya koya a wurin Leschetizky, shi kuma a wurin Czerny, Czerny a wurin Beethoven. A 1952 Fleisher ya zama Ba'amurke na farko da ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels. Faya-fayan da ya naɗa tare da George Szell da tawagar Cleveland har yanzu ana koyi da su. Ya fara koyarwa a Peabody a 1959, yana kan ganiyarsa.

A 1964, yana da shekara 36, ƙaramin yatsan hannun damansa da na kusa da shi suka fara lanƙwashewa zuwa cikin tafin hannu. Ba ciwo, ba rauni da ido ke gani, amma da ya ɗora hannu kan piyano sai yatsun su naɗe. Ya ƙara yawan atisaye yana zaton rashin ƙarfi ne, abin ya ƙara ta'azzara. An ɗauki shekaru kafin likitoci su gane cewa distoniya ce, cutar da ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙa aika wa wasu tsokoki saƙon da bai dace ba.

Bai bar kiɗa ba. Ya koma kaɗa ayyukan da aka tsara wa hannun hagu kaɗai, irin wanda Ravel ya rubuta wa Paul Wittgenstein, makaɗin da ya rasa hannun dama a yaƙin duniya na ɗaya. Ya koyi jagorancin makaɗa. Ya kuma zuba ransa a koyarwa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa da can idan ɗalibi ya kasa, sai ya matsar da shi daga kujera ya kaɗa masa ya gani, amma da hannun ya tafi dole ya nemo kalmomin da zai bayyana abin da yake ji, kuma wannan ya mai da shi malamin da ya fi na da. Ɗalibai sun riƙa tahowa daga ƙasashe daban-daban don su zauna a ajinsa, ɗaya yana kaɗawa sauran na sauraro.

A 1982 ya gwada komawa hannu biyu a bikin buɗe zauren Meyerhoff na Baltimore, amma ta leƙo ta koma. Sai a shekarun 1990, da allurar botoks mai sassauta tsoka da tausar jiki ta musamman, hannun ya saki har ya iya fitowa fili da hannu biyu, ya fitar da faifai a 2004. Ya ci gaba da koyarwa a Peabody har rasuwarsa a 2020 yana da shekara 92. Shekara 61 a makaranta ɗaya.

Me ya kai makaranta mai wannan suna hannun Johns Hopkins?

Kuɗi. Koyar da kiɗa a wannan mataki yana da tsada ta hanyar da babu dabarar kauce mata. Malamin tarihi zai iya tsayawa gaban ɗalibai 200, amma malamin bayolin ɗalibi ɗaya yake zama da shi, awa guda kowane mako, shekara huɗu. Ga ɗakunan atisaye, ga piyano masu yawa da kullum sai an saita su, ga tawagar makaɗa da wasan opera da ke buƙatar dandamali da sutura. Kuɗin makaranta ba ya biyan wannan, sai da asusun ajiya mai kauri. Kyautar George Peabody babba ce a ƙarni na 19, amma bayan shekara 100 ta yi kaɗan, kuma makarantar ba ta samu wani attajiri da ya sake cika mata asusu kamar yadda Curtis da Juilliard suka samu ba.

Sai aka fara sauke kaya. A 1966 aka miƙa ɗakin karatun ga hukumar ɗakunan karatu ta birnin, Enoch Pratt. A 1977 makarantar ta ƙulla alaƙa da Johns Hopkins, a 1982 ɗakin karatun ya koma hannun jami'ar, a tsakiyar shekarun 1980 kuma Peabody ta zama cikakken sashe nata. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A ƙarshen shekarun 1980 giɓin kuɗi ya sake kai ta bakin rufewa, har gwamnatin Maryland ta kawo ɗauki bisa sharaɗin makarantar ta tara nata kason daga masu ba da gudummawa. A 1996 tarin zane-zanen cibiyar ya koma mallakar jihar.

Haɗin bai zo daga sama ba. Masu tarihi sun daɗe suna ambaton cewa misalin George Peabody na cikin abin da ya zaburar da attajiri Johns Hopkins ya bar dukiyarsa don kafa jami'a da asibiti. Jami'ar ta buɗe a 1876, kuma malamanta na farko sun dogara ƙwarai da ɗakin karatun Peabody.

Ɗalibin kiɗa yana amfana da kasancewa cikin jami'a, ko suna ne kawai?

Yana amfana, amma kada a zuzuta. Takardar digirinsa ta Johns Hopkins ce. Yana iya ɗaukar darussa a babbar harabar jami'ar ta Homewood, 'yan kilomita arewa da Mount Vernon. Akwai tsarin digiri biyu, kiɗa da wani fannin kimiyya, adabi ko injiniyanci, wanda kan ɗauki shekara 5, kuma sai an karɓe ka a ɓangarorin biyu daban-daban. Masu koyon naɗar sauti suna haɗa kiɗa da darussan injiniyanci. Alaƙa da likitocin Hopkins kuma ta haifar da aiki kan lafiyar makaɗa, abin da labarin Fleisher ya nuna muhimmancinsa.

Sai dai ɗalibin da ke atisaye awa huɗu ko biyar kullum, ga zaman tawaga, ga darussan ƙa'ida da horar da kunne, ba ya samun sararin yawo tsakanin harabobi. Yawancinsu rayuwarsu a Mount Vernon take ƙarewa. Babbar ribar haɗewar, a nawa ganin, ita ce makarantar ta daina kwana da fargabar rufewa, malamai kuma suka samu natsuwar zama.

Kiɗan gargajiyar Turai kaɗai ake koyarwa?

Shi ne ƙashin baya, amma ba shi kaɗai ba. Jean Eichelberger Ivey ta kafa ɗakin kiɗan lantarki tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da makarantu irin wannan ke yi wa na'ura kallon raini. Sashen jaz ya zo a makare, a farkon shekarun 2000, a birnin da jaz ya daɗe da zama ɗan gida. Mai busa ƙaho Sean Jones ya karɓi jagorancinsa a 2018. A wannan shekarar aka fara digirin rawa, da kuma digirin tsara kiɗan finafinai da wasannin kwamfuta a ƙarƙashin Thomas Dolby. Fannin jagorancin makaɗa kuwa Marin Alsop ta karɓe shi a 2015, matar da ta jagoranci tawagar Baltimore daga 2007 zuwa 2021, mace ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin manyan tawagogin Amurka.

Sunan makarantar ya kai Asiya ma. Da haɗin gwiwarta aka kafa makarantar kiɗa ta Yong Siew Toh a Jami'ar Ƙasa ta Singafo a farkon shekarun 2000, kuma ɗalibai daga Sin, Koriya ta Kudu da Taiwan suna da yawa a Baltimore.

Idan aka kwatanta ta da Juilliard da Curtis fa?

Juilliard ta fi ta suna a duniya, kuma zama a New York wata dama ce da Baltimore ba ta da ita. Curtis ƙarama ce ƙwarai, ba a biyan kuɗin karatu a cikinta tun 1928, shi ya sa shigarta ya fi na kowacce wuya. Peabody tana cikin sahun gaba, amma ba a cika sa ta a kan waɗannan biyun ba, kuma ba laifi a faɗi haka.

Amma makaɗa ba sa tambayar juna wace makaranta ka yi kamar yadda suke tambayar a hannun wa ka yi karatu. Makaranta na iya yin fice a jita ko piyano a wani zamani, ta yi rauni a wani fanni, sannan malami ɗaya ya yi ritaya lissafi ya sauya. Jadawalin da mujallu ke fitarwa na wace ta fi wace ba ya kama wannan. Wanda ke son zaɓa ya nemi sunan malamin kayan kiɗansa, ya saurari ɗalibansa, in da hali ya nemi darasin gwaji kafin ya yanke shawara.

Yaya ake samun shiga?

Ta gwajin kiɗa. A fannoni da dama ana fara aika bidiyo, wanda ya tsallake a kira shi ya kaɗa ko ya rera a gaban malamai. Kowane fanni yana da jerin ayyukan da ake so a shirya. 'Yan mintoci ne, kuma su ne ke da nauyi fiye da komai, ko da yake ana duba sakamakon karatu, ɗalibin waje kuma sai ya nuna ya iya Turanci. Ba wurin fara koyo ba ne. Mai neman gurbin piyano ko bayolin galibi ya shafe shekara goma ko fiye yana hannun malami. Kuɗin karatu ya kai dala dubu gommai a shekara, kuma da yawan ɗalibai da tallafi suke yi, don haka a nemi bayanin tallafin tun ranar da aka fara cike takarda.

Digirin yana ba da tabbacin aiki?

Ba ya bayarwa, kuma babu makarantar kiɗa da za ta iya yin wannan alkawari. Kujera ɗaya idan ta buɗe a babbar tawaga, makaɗa masu yawa ne ke nemanta, kuma a zagayen farko bayan labule ake kaɗawa, alƙalai ba su ga fuska ba balle takardar digiri. Mafi yawan waɗanda suka gama suna haɗa sana'o'i: koyarwa, ƙananan tawagogi, kiɗan majami'u, naɗar sauti, gudanar da cibiyoyin fasaha. Fred Bronstein, wanda ya zama shugaban makarantar a 2014 bayan ya riƙe harkokin tawagar St. Louis, ya shigo da darussan dole kan yadda makaɗi zai tsara aikinsa, ya nemi tallafi, ya yi magana da masu sauraro, ya kuma kai kiɗa asibitoci da unguwanni. Wasu na ganin hakan na cin lokacin atisaye. Ni ina ganin makarantar da ke karɓar kuɗi masu yawa haka daga matasa wajibi ne ta gaya musu yadda kasuwar take tun suna aji.

Tana da alaƙa da kyautar Peabody ta gidajen rediyo da talabijin?

Babu. Waccan kyauta sunan George Foster Peabody take ɗauke da shi, wani attajiri ne daban. Kwalejin Peabody ta Jami'ar Vanderbilt a Nashville kuwa daga asusun ilimin George Peabody na Baltimore ta samo suna, amma ta horar da malamai ce, hukumarta daban.

Wanda ba ɗalibi ba zai iya shiga ya gani?

Zai iya. Ɗakin karatun George Peabody, wanda Edmund Lind ya zana aka kammala a 1878, a buɗe yake ga jama'a a lokutan da aka tsara. Daga ƙofa za ka shiga fili mai daɓen marmara baƙi da fari, baranda hawa biyar na ƙarfen zubi sun kewaye shi ta kowane gefe, rufin gilashi a can sama yana zubo haske. Littattafai kusan 300,000 ne a ciki, yawancinsu na ƙarni na 18 da na 19, kuma ba a ara a fita da su, a nan ake karantawa. Wasannin ɗalibai da na malamai suna gudana kusan kowane mako a lokacin zangon karatu, da yawansu kyauta, wasu kuma ana watsa su kai tsaye ta intanet. Jadawalin yana shafin makarantar, kuma watannin Afrilu da Mayu ne suka fi cika, lokacin da masu kammalawa ke gabatar da wasanninsu na ƙarshe.